Wane ofishi ke riƙe da wace kwangila a jami'a? Tambayoyin da ake yawan yi mani

Jama'a assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, kuma shekarun nan kusan rabin aikina haɗa ma 'yan kwangila takardun tenda ne, wato na neman kwangila, ni ma kaina ina ɗan taɓa kai kaya makarantu in ta samu. To kusan kullum sai wani ya shigo ya zauna bisa benci ya ce Malam wa zan gani a jami'a, wani ma ya yi sati biyu yana ƙona mai hanyar Dutsin-Ma daga wannan ofishi a tura shi wancan. Abin yana damuna wallahi, don mutane ne masu neman halak ɗinsu. Muna da Al-Qalam tun 2005, jami'ar Umaru Musa Yar'adua tun 2006, ta tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga kuma ta sufuri a Daura, ban da kwalejoji. Sunan ofishi kan ɗan bambanta daga wannan zuwa waccan amma ginin tsarin kusan ɗaya ne. Ga tambayoyin yadda ake kawo mani su.

Malam a taƙaice dai, VC ne ke ba da kwangila ko wa?

A jami'ar tarayya shugaban jami'a shi ne wanda doka ke kamawa in kuɗi suka yi ɓatan dabo, kuma shi ke shugabantar kwamitin tenda, amma ba ya zama shi kaɗai ya ce na ba wane. Kwamitin ne ke zama ya amince, shugaban ofishin saye-saye ke masu sakatare. Kuma akwai iyakar kuɗin da jami'a za ta iya amincewa da su a cikin gida, in aiki ya wuce nan sai ya tafi ma'aikata a Abuja, in ya ƙara girma sai an samo takardar rashin ƙin amincewa daga hukumar BPP mai sa ido bisa saye-sayen gwamnatin tarayya kafin ya je majalisar zartaswa ta tarayya. Adadin nan ana sauya shi lokaci-lokaci ta hanyar sakula, don haka ka tambayi ofishin saye-saye wanda ke aiki yanzu. Sama da VC kuma akwai majalisar gudanarwa ta jami'a wadda ke sa ido bisa dukiya da kuɗi, rajistara ke mata sakatare.

Shugaban sashe abokina ne, ya ce in kawo kujeru da firinta za a biya ni. In kai?

Ɗan'uwa kada ka kai. Nan ne na fi son a tsaya a saurare ni don ni ta faru da ni, a wata makaranta da ba ma cikin jihar nan take ba. Shugaban sashen mutumin kirki ne, ba cuta ya nufe ni da ita ba, masu tantance kwasa-kwasai ne za su zo masu kuma ofisoshin malamai wayam, ya kira ni da dare ya ce don Allah in taimaka da kujeru 40 da tebura, takarda za ta biyo baya. Na je na ɗauko bashi wurin kafinta, muka loda a mota da asuba, ina tsaye aka jera su har ana goge masu ƙura da tsumma. Baƙi suka zo suka tafi. Da na kai takardar neman biya ofishin ma'aji, ma'aikaciyar ta buɗe fayil ɗin ta juya shafi ɗaya, biyu, ta ɗago ta ce Alhaji ina takardar ba da aiki, ina shaidar sito. Babu ko ɗaya. Ba a shigar da kayan littafin sito ba, kenan a idon makaranta kujerun da ake zaune bisansu ba su taɓa shigowa ba. Kafin a daidaita maganar wa'adin mutumin ya ƙare an naɗa wani, shi kau sabon ya ce bai san da zancen ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sai da na sayar da babur na sallami kafinta, kuɗina ba su fito ba sai bayan fiye da shekara.

Abin da na gane daga nan shi ne mai buƙatar kaya daban, mai ikon ɗaura ma jami'a bashi daban. HOD (shugaban sashe) da din (shugaban tsangaya) da daraktoci su ke rubuta buƙata, a nan aikinsu ya tsaya. In abokinka na son ka da alheri ya sanar da kai buƙatar ta tafi sama, kai kuma ka bi ta ofishin saye-saye. Kada kaya su bar shagonka sai ka riƙe LPO, wato takardar odar kaya, ko takardar ba da aiki mai kan jami'a da sa hannu.

Shi ofishin saye-sayen mene ne aikinsa?

Shi ne ƙofar shiga, wanda ma'aikata ke kira furokiyamen. Kwamfuta, kujeru, motoci, dizal na janareta, kayan ɗakin gwaji, buga takardun jarabawa, har da gini ma tallarsa ta nan take fita. Dokar saye-sayen gwamnatin tarayya ta 2007 ce ta shimfiɗa hanyar. Babban aiki ana tallata shi a jaridun ƙasa aƙalla biyu da mujallar tenda ta tarayya da allon sanarwa, ƙaramin saye kau ana iya neman kotashan daga mutum uku waɗanda ba su da alaƙa da juna. Ka lura da wannan kalma ta alaƙa, don dabarar nan ta kawo kotashan uku na kamfaninka da na ƙanenka da na matarka laifi ce, haka ma daddatsa babban aiki ƙanana-ƙanana don a kauce ma talla.

Ranar buɗe tenda ka je da kanka ko ka tura yaronka. A bainar jama'a ake buɗe akwatin da zarar lokacin rufewa ya cika, a karanto sunan kowane kamfani, in an zo buɗe ambulan ɗin kuɗi a faɗi abin da kowa ya sa kana ji, kai kuma kana rubutawa. Kuma ba mafi arha kawai ke ci ba, mafi arha ne cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa.

Waɗanne takardu zan tanada?

Rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, satifiket na PENCOM (fansho) da ITF (horar da ma'aikata) da NSITF (inshorar ma'aikata), shaidar kana cikin rajistar BPP, rantsuwar kotu cewa babu ma'aikacin wurin da ke da hannu a kamfaninka kuma bayananka gaskiya ne, lissafin kamfani da odita ya duba, takardar banki, da shaidar ka taɓa yin irin aikin. In gini ne sai an ga injiniya mai rajistar hukumar COREN, magini mai rajistar hukumar CORBON, da sauransu. Abin da ke kada mutanenmu ƙaramin abu ne: yawancin satifiket ɗin nan 31 ga Disamba suke mutuwa. Mutum ya shigo mani a watan Fabrairu da takardun bara yana sauri gobe ake rufewa, in duba in ga duk sun mutu, wallahi har cikin raina nake jin abin. Ka fara sabuntawa tun Janairu tun babu talla.

Ni birkila ne ina da ɗan kamfani. Wokis zan je ko tsare-tsaren gine-gine?

Ana rikita waɗannan biyun sosai, a wasu wuraren ma darakta ɗaya ke riƙe da su. Sashen tsare-tsaren gine-gine shi ke da taswirar jami'a da sabbin gine-gine, su ke aiki da masu zane da masu ƙiyasin kuɗi, su ke miƙa maka fili, su ke zuwa duba aiki su rubuta satifiket ɗin da za a biya ka da shi. Wokis kuma gyara da kulawa, rufin da iska ta yaye farkon damina, famfo, rijiyar burtsatse, wayar wuta, fanka, motoci. Amma dukansu masu sa ido ne, takardar ba da aiki ta hanyar tenda take fitowa.

Ga inda masu gini ke asara: kana tsakar aiki wani babba ya zagayo ya ce ƙara mamu baranda nan, sauya tayil ɗin nan. Ka ce to ranka ya daɗe, amma a rubuto. Duk ƙarin da ba a amince da shi a rubuce ba daga aljihunka ne.

Aikin TETFund fa, su ke ba da kwangilar daga Abuja?

A'a, ayyukan da aka saba na kason shekara makarantar ce ke yin tendarta, TETFund, asusun tallafa ma manyan makarantu, ta duba ta amince ta saki kuɗi. Kowace makaranta na da jami'in da ke riƙe da teburin TETFund, shi ke haɗa takardun da ake aikawa. Kuɗin gini kashi-kashi suke zuwa, 50 sai 35 sai 15 cikin ɗari, kuma ba a sakin na gaba sai sun turo an ga aikin baya da ido, shi ya sa in ɗan kwangila ɗaya ya yi wasa yana iya tsayar da abokan aikinsa. Asusun dai na makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha, dokarsa ta yanzu ta 2011 ce, makarantu masu zaman kansu ba su ciki.

Ana ba da kafin alƙalami?

Ana bayarwa amma ba dole ba ne, ka duba abin da yarjejeniyarka ta ce. Dokar 2007 kashi 15 cikin ɗari ta sa, gyaran da aka yi a dokar kuɗi ta 2020 ya ɗaga iyakar zuwa 30, kuma sai ka kawo garanti daga banki ko kamfanin inshora. Shawarata kada kuɗin nan su shiga hidimar biki ko sayen fili, don an ga da yawa.

Na gama aiki wata uku shiru. Wa ke riƙe da kuɗina, ma'aji ne?

Kowa ma'aji yake zagi, alhali sau da yawa fayil ɗin bai ma iso bosari, ofishin ma'ajin, ba. Bari in bi da kai hanyar. In kaya ne, sito za su karɓa su ƙirga su rubuta takardar karɓa da ake ce ma SRV, odita na cikin gida ya zo ya gani da idonsa, sashen da ya nema su sa hannu cewa abin da suka nema ne aka kawo. In aiki ne, injiniyoyin jami'a su rubuta satifiket ɗin kammalawa. Sannan a nemi amincewar biya daga shugaban jami'a, bosari su rubuta bauca, ta koma wurin odita ya sake dubawa kafin biya, sannan a tura kuɗi asusun kamfaninka. Jami'o'in tarayya tun 2015 suna cikin asusun bai ɗaya na TSA, ba a ba ka kuɗi a hannu, kuma asusun kamfani ake so ba naka na kanka ba.

To ka ga teburi nawa ke nan. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da fayil ya bar kowane ofishi, akawun da ke rajistar shiga da fitar fayil shi ne abokinka, ka gaida shi da mutunci ka tambaye shi lambar fayil da inda aka kai shi. Duk takardar da ka miƙa ka yi kwafi a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata. Wannan kwanan watan yana da amfani ƙwarai don dokar ta ce biyan da ya wuce kwana 60 daga miƙa takardar neman biya jinkiri ne, kuma yana jan ruwa yadda aka rubuta a yarjejeniya.

Kuma kada gabanka ya faɗi in ka ga kuɗin ba su cika ba. Ana cire VAT kashi 7.5, da harajin da ake riƙewa tun daga tushe wanda kasonsa ya danganta da irin aikin, da kuɗin kan sarki. In gini ne ana riƙe yawanci kashi 5 har kamar wata shida a ga ko bango zai tsage. Ka sa duk wannan cikin lissafi tun kana cika farashi, kuma ka bi bosari su ba ka shaidar harajin da aka cire don tana rage maka na ƙarshen shekara.

Ofishin lauyan jami'a fa, me ya haɗa ni da shi?

Takardar ba da aiki shafi ɗaya ce ko biyu, ita yarjejeniya kuma su ke tsara ta, su ke ajiye ta, a jami'o'i da yawa ƙarƙashin rajistara ko ofishin VC suke. Ka karɓi aiki a rubuce cikin kwanakin da aka ba ka, sannan ka je ka sa hannu a yarjejeniyar. Ka karanta wa'adi, tarar jinkiri, da yadda ake soke aiki. In Turancin ya yi maka nauyi ka kai ma lauyanka, don lauyan jami'a jami'a yake karewa.

Yaya ni abinci nake son saidawa kusa da hostal ɗin mata, ni ma sai na yi tenda?

A'a Hajiya, naki ba tenda ba ne, ke za ki biya jami'a ba ita za ta biya ki ba. Shaguna da rumfuna da wurin hoto kwafi da POS yawanci wani kwamitin kasuwanci ke raba su, ko kamfanin kasuwancin jami'a, kuma in kusa da ɗalibai ne dole ofishin kula da harkokin ɗalibai ya sani. Masu abinci akan tura su asibitin jami'a a duba lafiyarsu, masu tsaro kuma su ba da katin shiga. Don Allah ki biya kuɗin haya ta banki ki karɓi rasit na jami'a da takardar ba da wuri mai sunanki. Na san wata baiwar Allah da ta sayi rumfa hannun wanda aka ba tun farko, ta zuba siminti ta sa kwano, ranar da aka zo tantancewa sunanta bai cikin littafi. Ki tambaya kuma ko ana biyan haya lokacin hutu da yajin aiki, don wata da watanni ana iya yi ba ɗalibi ko ɗaya.

Shara da gadi?

Jami'o'i da yawa sun miƙa su ga kamfanoni, kwangilar shekara-shekara ce ta hanyar ofishin saye-saye, sashen tsaro ke sa ido bisa masu gadi, masu shara kuma wokis ko sashen tsabta. Mai neman aikin shara ko gadi ya sani kamfanin ne ubangidansa, can zai bi albashinsa.

Ranka ya daɗe na yi ritaya, an ce za a ɗauke ni kwantiragi. Wannan ma ofishin saye-saye ne?

Baba wannan ba ruwan saye-saye, na rajistara ne, sashen ma'aikata. Kwantiragin aiki, bizitin (malami mai ziyara daga wata jami'a), sabatika (malamin da ya zo aiki cikin shekarar hutunsa), koyarwar wucin gadi duk nan suke. Sashe ke nema, ya bi ta din, kwamitin ɗauka da ƙarin girma ya duba, amma takardar da ke aiki ita ce mai sa hannun rajistara. Ku duba ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma ku nemi sabuntawa tun saura wata biyu ko uku, don na ga malamin da ya koyar da zango guda cur bayan kwantiraginsa ya ƙare bisa alkawarin baki, ya yi makin jarabawa ya miƙa, bosari kuma ba su da takardar da za su jingina biyan a kanta.

Haka bon ɗin ƙaro karatu. Malamin da jami'a ta tura digiri na biyu ko na uku yana sa hannu cewa zai dawo ya yi aiki na wasu shekaru ko ya maida kuɗi, sashen horar da ma'aikata da lauya ke riƙe da wannan. Masu tsayawa mutum a bon su karanta da kyau kafin su sa hannu, in ya ƙi dawowa ƙofarsu za a ƙwanƙwasa.

Ƙungiyarmu na son haɗa gwiwa da wani malami a yi bincike kan noman rani. Da shi za mu sa hannu?

Ku fara magana da shi, amma yarjejeniyar da jami'a ake yi. Tallafin bincike daraktan bincike ke riƙe da shi, yarjejeniyar fahimtar juna da wata makaranta ko ƙungiya kuma ofishin hulɗa da waje, aikin ba da shawara na kuɗi sashen kwansaltansi. Lauya ya duba, shugaban jami'a ko rajistara su sa hannu, bosari su buɗe ma kuɗin shafi. Ku rubuta tun farko wa ke da sakamakon binciken da kayan da aka saya in an gama, nan ake yawan ɓatawa.

Masu son gina hostal su karɓi haya na wasu shekaru sannan su miƙa ma jami'a, wannan babbar magana ce ta fili, sai ta kai majalisar gudanarwa.

Dokar nan ta shafi jami'ar jiha da Al-Qalam?

Dokar 2007 ta hukumomin tarayya ce, kamar Dutsin-Ma da Daura. Jami'ar jiha dokar saye-saye ta jihar Katsina take bi da hukumarta, don haka za a nemi rajistarka ta 'yan kwangila ta jiha. Mai zaman kanta kau ƙa'idar da masu ita suka shimfiɗa take bi. Maganar a riƙe takarda kafin a kai kaya dai ko'ina tana nan.

Ina ganin an zalunce ni a tenda, ina zan kai kuka?

Akwai hanya kuma tana da lokaci, in ka tsaya ƙorafi a majalisar shayi lokacin zai wuce. A na tarayya, cikin kwanakin aiki 15 daga ranar da ka san abin ka rubuta ma shugaban jami'a, shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya ba ka amsa a rubuce. In bai amsa ba ko ba ka gamsu ba kana da kwanakin aiki 10 ka kai ma BPP, su yanke cikin kwanakin aiki 21, bayan nan sai babbar kotun tarayya cikin kwana 30. Ka rubuta abin da ya faru da kwanan wata da alƙaluman da ka ji an karanto ranar buɗe tenda, ban da zagi. In maganar neman cin hanci ce akwai sashen ACTU da ke aiki da ICPC, in kau wulaƙanci ne ko jan ƙafa akwai teburin SERVICOM. Mutanenmu na tsoron in sun yi ƙara ba za a sake ba su aiki ba, na fahimci wannan tsoron, amma ni na fi ganin girman wanda ya rubuta takarda cikin ladabi.

Wani ya nuna mani takardar kwangilar jami'a a waya, ya ce in ba shi kashi goma ya sakar mani. Ya kake gani?

Kada ka tura ko sisi. Ni da nake sana'ar buga takardu na san yadda kan takarda da hatimi ke da sauƙin kwaikwayo, yaro mai kwamfuta minti goma ya ishe shi. Ko da takardar gaskiya ce, sunan kamfanin wani ke kanta kuma asusunsa za a biya, yawancin yarjejeniyoyi ma sun hana miƙa aiki ga wani ba da izinin jami'a a rubuce ba. Ka kwafi lambar takardar da kwanan watanta, ka hau mota ranar aiki da safe ka je ofishin saye-saye na jami'ar da aka ambata, ka ce a duba maka ita cikin rajistar ayyukan da aka bayar. Ka ce ma mai takardar ya zo ku tafi tare.